Kafin Mu Danna "Publish": Wallafa Koyarwa da Sabon Allon Rubutu



Tun da aka sauya allon da muke rubutu a kai, koke-koke sun yi yawa. Wani Baba Fasto ya ce ya buɗe ya ga farin fili kawai, babu layin maɓallan da ya saba gani a sama, sai ya rufe kwamfutar ya koma ga littafinsa da biro. Wata Mama kuma ta ce ta rubuta darasin mata na mako biyu, ta taɓa wani abu, sakin layi ɗaya ya yi tsalle ya koma sama. Waɗannan matsaloli ne da za a warware su cikin yini guda, kuma za mu bi su a nan. Amma akwai wadda ta fi su girma, ba wanda ya kawo kukanta: sabon allon ya sa wallafawa ta yi sauƙi ƙwarai, har mutum yana iya fitar da magana da sunan ikkilisiya gaba ɗaya ba tare da ido na biyu ya gan ta ba.

Dattawanmu sun san yadda abin yake a dā. Fasto ya rubuta da hannu, a kai wa mai tafireta ya buga a kan sitansil, a bi da alƙalami a sa wa haruffa ƙugiya, sakatare ya karanta, shugaba ya duba, sa'an nan a juya a inji a raba. Idan littafi ne, sai ya bi ta hannun kwamitin littattafai da maɗaba'a. Hanya ce mai jinkiri, amma a kowane zango akwai wanda zai iya cewa, "Dakata, wannan ayar ba a nan take ba," ko kuwa, "Kada a sa sunan yaron nan." Yanzu duk waɗannan hannuwa sun taru a yatsa ɗaya. Saboda haka koyon allon bai tsaya ga sanin inda maɓallai suke ba. Sai mun san yadda za mu mai da waɗannan zangunan da kanmu.

Daga ina allon ya fito

Manhajar da dandalinmu ke tafiya a kai ita ce WordPress. Matt Mullenweg da Mike Little suka fara fitar da ita a shekarar 2003, kyauta ce, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na dandalolin intanet na duniya suna amfani da ita. Shekaru da yawa allon rubutunta akwati ne guda ɗaya, kamar takardar Microsoft Word. A watan Disamba na 2018, da fitowar WordPress 5.0, aka kawo sabon tsari. Masu dandali da yawa, har da mu, suka riƙe tsohon ta wurin wata ƙaramar manhaja mai suna Classic Editor. Don haka sabo ne a wurinmu kawai.

Sunan da masu ƙirar suka ba aikin shi ne Gutenberg, kuma sunan ya kamata ya sa kunnen mai bi ya tashi. Johannes Gutenberg mutumin birnin Mainz ne a ƙasar Jamus. Shi ne ya kawo wa Turai hanyar buga littafi da haruffan ƙarfe waɗanda ake jerawa ɗaya-ɗaya, a warware su, a sake jera su don wani shafi. Babban aikin da ya fito daga maɗaba'arsa wajen shekarar 1455 Littafi Mai Tsarki ne cikin harshen Latin, mai layi 42 a shafi, kwafi kimanin 180. Kafin nan da hannu ake kwafe shi, kuma littafi ɗaya kan cinye wa marubuci watanni masu yawa. Dabarar jera ƙananan guntaye su zama shafi ita ce aka aro aka sa a allon da ke gabanmu.

Rubutu da tubali

A sabon tsarin, rubutu gini ne, kowane yanki tubali ne mai zaman kansa. Sakin layi tubali ne, kan magana tubali ne, hoto tubali ne, haka muryar wa'azi da aka naɗa. Idan ka gane wannan, rabin ruɗanin ya tafi.

Da ka buɗe sabon rubutu za ka ga wurin take a sama. Rubuta taken, ka danna Enter, sai ka soma rubutu. Duk lokacin da ka sake danna Enter, sabon tubalin sakin layi ne ya buɗe. Maɓallan da Baba Fasto ya nema ba su ɓata ba: suna fitowa ne a saman tubalin da kake ciki, da zarar ka taɓa shi. A nan ne za ka ƙara wa kalma kauri, ko ka karkata ta, ko ka sa mahaɗi. A nan ma akwai 'yan kibiyoyi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, masu matsar da tubali. Su ne Mama ta taɓa. Da ta danna ta ƙasan, ko ta haɗa Ctrl da Z, da sakin layinta ya dawo mazauninsa.

In kana son wani irin tubali dabam, danna alamar + ka zaɓa. Allon da Turanci yake, don haka sai mun haddace 'yan sunaye: "Heading" na kan magana, "Image" na hoto, "Quote" na maganar da aka ɗauko daga wani wuri, "List" na jeri, "Audio" na murya, "File" na takardar da mutane za su sauke. Tubalan sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, amma koyarwar ikkilisiya ba ta bukatar fiye da waɗannan shida da sakin layi. Shawararmu ita ce a bar launuka da ginshiƙai da sauran kayan ado. Yawancin masu karatunmu a waya suke karantawa, wasu a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, kuma abin da ya yi kyau a faffaɗan allon ofis yakan cakuɗe a ƙaramar waya.

Abu ɗaya game da kan magana. Kada a ƙara wa layi kauri kawai a ce ya zama kan magana. A yi amfani da tubalin "Heading". A ido kusan ɗaya suke, amma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu da murya tana bin tubalan kan magana ne don ta kai mutum sashen da yake so. Muna da 'yan'uwa makafi a ikkilisiyoyinmu, wasunsu ma masu wa'azi ne.

Yawancinmu ba a allon muke fara rubutu ba, kuma hakan daidai ne, musamman inda wuta ba ta da tabbas. Ana iya rubutawa a Word a kwafo, allon zai raba shi tubali-tubali da kansa. In ya zo da tarkacen tsari, a liƙa shi da Ctrl da Shift da V, sai kalmomin kaɗai su shigo. Wanda ya kwafo daga WhatsApp kuwa ya buɗe ido: idan ka zaɓi saƙonni da yawa ka kwafe su tare, kowanne yana zuwa da kwanan wata da lokaci da sunan wanda ya aiko, wani lokaci lambar wayarsa. Mun taɓa ganin darasi ya fita da lambar wata 'yar'uwa a tsakiyarsa.

Ƙugiya ba ado ba ce

A nan za mu ɗan daɗe, domin laifin na kowa ne. Rubutun Hausa yana da ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴ. A saƙon waya mun saba watsar da su, muna cewa mai karatu zai gane. Sau da yawa yakan gane. Amma dubi wannan: "Ɗan Allah" da "dan Allah". Na farko shi ne sunan da bangaskiyarmu ta tsaya a kai. Na biyu kuwa roƙo ne na kasuwa, abin da ake faɗa in ana neman ragi. Bambancinsu a rubuce ƙugiya ɗaya ce. Haka "ɗa" da "da", "ƙi" da "ki", "baƙi" da "baki", "ƙasa" da "kasa". Wanda ya girma a ikkilisiya zai cike giɓin da kansa. Sabon mai bi fa, ko yaron da ke koyon karatu, ko maƙwabcin da ya shigo dandalin don ya ga abin da Kirista suke koyarwa?

Waɗanda suka yi mana aikin fassara ba su ɗauki harafi da wasa ba. Dakta Walter Miller, wanda ya yi aiki a Zariya da Wusasa, shi da abokan aikinsa sun shafe shekaru masu yawa kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Mu da muke da haruffan a aljihunmu ba mu da hujja. A wayar Android, a shiga saitin Gboard a ƙara Hausa, haruffan za su samu. A kwamfuta akwai Keyman, manhajar kyauta daga ƙungiyar SIL, mai allon haruffan Hausa. Wanda duk wannan ya gagare shi, ya ajiye haruffan takwas, manya da ƙanana, a wata 'yar takarda a kwamfutarsa yana kwafowa. Sabon allon yana karɓar su ba matsala.

Wuri ɗaya ne kawai muke cewa a cire ƙugiya, wato adireshin rubutun. WordPress yana ƙera adireshi daga taken da ka sa. In taken yana da ƙ ko ɗ, adireshin yakan koma jerin alamomin % da lambobi idan aka tura shi ta WhatsApp, ya yi tsawo, har mutane su ji tsoron taɓa shi. A gefen dama na allon akwai wurin gyara shi. A rage shi zuwa kalmomi uku ko huɗu marasa ƙugiya. A yi wannan kafin a wallafa, domin sauya adireshi bayan an riga an rarraba shi neman rikici ne.

Ayoyi

Idan za ka kawo aya, sa ta a tubalin "Quote", don mai karatu ya ga inda Maganar Allah ta tsaya da inda bayaninka ya soma. Wannan iyaka tana da muhimmanci. A kan bagade murya da ɗaga littafi suna nuna ta, amma a rubuce in ba a raba ba, maganar fasto da ta manzo sai su zama ɗaya.

Kada ka rubuta aya da ka, ko da ka haddace ta tun kana Makarantar Lahadi. Buɗe littafin ka duba kalmomin, ka duba sura da lamba. Kuskuren da muka fi gyarawa shi ne na lamba: 1 Yohanna ta zama Yohanna, 2 Timoti ta zama 1 Timoti. Sa'an nan ka faɗi fassarar da ka ɗauko. A ikkilisiya ɗaya za ka sami tsoho riƙe da fassarar 1932, wani da wadda ta biyo bayanta, saurayi kuma yana karanta Sabon Rai Don Kowa a wayarsa. Wata fassara tana cewa Kristi, wata Almasihu. In ba ka faɗa ba, wani zai duba nasa littafin ya ga kalmomi dabam, ya ɗauka ka sauya Nassi.

Luka ya bar mana gurbi a farkon Bishararsa (Luka 1:1-4). Ya gaya wa Tiyofilas cewa sai da ya bi diddigin al'amuran tun daga tushe kafin ya tsara su, don mai karatu ya sami tabbaci. Yakubu kuma ya gargaɗi masu koyarwa cewa shari'arsu za ta fi tsanani (Yakubu 3:1). Wa'azin Lahadi mutum ɗari biyu suka ji shi, ran Laraba rabinsu sun manta. Wanda aka wallafa yana nan shekara goma, ana kwafarsa ana karantawa a wuraren da ba ka taɓa takawa ba.

Hotuna, sunaye, da ran mutum

Ta fuskar aiki, sa hoto ba wuya: tubalin "Image", a zaɓo hoton, shi ke nan. A rage nauyinsa tukuna, domin hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit uku ko fiye, kuma datar mai karatu ce za ta biya. A cike gurbin "Alt text" da jimla ɗaya mai faɗin abin da ke cikin hoton, saboda makafi da kuma wanda hoton ya ƙi buɗe masa. Hoton da aka tsinta a Google kuma yana da mai shi. Ba namu ba ne don mun gan shi.

Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ke cikin hoton, kuma ya yarda? Mu da muke zaune a Arewa mun san abin da wannan yake nufi. Akwai wanda ya karɓi Kristi danginsa ba su sani ba tukuna. Akwai mai bishara da ke aiki a wurin da bai kamata a san sunan garin ba. Akwai iyalin da ake tattaunawa da waɗanda suka sace ɗansu, kuma duk labarin da ya nuna cewa ikkilisiya tana tara kuɗi zai iya ƙara farashin. Akwai gwauruwar da ta gudo daga ƙauyensu. Kowane ɗayan waɗannan labari ne mai taɓa zuciya, wanda mai rubutu zai so ya ba da don a yi addu'a ko a yabi Allah. Kuma kowannensu, in ya fita da suna da fuska da wuri, zai iya jawo wa mutum abin da ba za mu iya gyarawa ba.

Ba zato muke yi ba. A wata ikkilisiya da ba za mu ambata ba, an wallafa rahoton baftisma da hotuna masu kyau, da niyya mai kyau. Cikin waɗanda aka yi wa baftisma akwai wata yarinya da ba a tambaye ta ba. An sauke rahoton kafin dare, amma wani ya riga ya ɗauki hoton allo ya tura. Sai da aka sauya mata wurin zama. Magana zarar bunu ce, in ji Bahaushe, ta intanet kuwa ta fi.

Don haka ƙa'idarmu ita ce: ba a sa fuskar mutum ko cikakken sunansa a rahoton baftisma, ko shaida, ko roƙon addu'a, sai shi da kansa ya yarda bayan an bayyana masa cewa duk duniya za ta iya gani. In yaro ne, sai iyaye sun yarda. In akwai shakka, a ce "wani ɗan'uwa" ko "wata ikkilisiya a yankinmu". Allah ya san sunan, addu'ar kuma ba za ta ɓata hanya ba. Doka ma tana wannan gefen: Dokar Kare Bayanan Mutane ta Najeriya ta 2023 ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da ke bukatar kariya ta musamman. Wato rubuta cewa Mama wance tana asibiti da cuta kaza, ba da izininta ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abubuwa biyu da ido ba ya gani. Na ɗaya, idan waya tana da saitin wuri a kunne, hoton yakan ɗauki bayanin daidai inda aka ɗauke shi a cikinsa, kuma wanda ya iya zai karanta. A kashe wannan saitin a kyamara kafin a ɗauki hoton wurin da ake ɓoyewa. Na biyu, allon yana ba da damar a mai da rubutu "Private" ko a kulle shi da kalmar sirri, amma kada wannan ya ruɗe mu. Taken rubutun da aka kulle da kalmar sirri yakan bayyana ga kowa, hotuna da takardun da aka ɗora kuma suna da nasu adireshin, wanda ya same shi zai buɗe. Rahoton kuɗi, da batun horo, da jerin sunayen membobi, ba a ɗora su sam.

Ido na biyu

Yanzu sai mu koma ga zangunan nan da muka ce sun ɓace. Abin farin ciki shi ne WordPress ya tanadi hanyar mai da su, in mun yarda mu bi.

Duk wanda aka buɗe wa asusu ana ba shi matsayi. "Contributor" yana rubutu amma ba ya iya wallafawa, ba ya kuma ɗora hoto. In ya gama, maɓallin da zai gani shi ne na miƙawa a duba. "Author" yana wallafa nasa rubutun da kansa. "Editor" yana dubawa ya gyara ya wallafa na kowa. "Administrator" shi ke riƙe da makullin gidan duka, yana iya ƙara mutum ko cire shi, yana iya rushe kome. Tsarin da muke bi shi ne yawancin masu rubutu su zama "Contributor", masu dubawa kaɗan, masu makulli kuma biyu, ba ɗaya ba, ba kuma goma ba.

Mun san wannan ya ɓata wa wasu rai. An ce, ta yaya Rabaran da ya yi shekara talatin yana hidima zai miƙa rubutunsa ga yaron da ya yi wa baftisma? Tambaya ce ta gaskiya, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Amsarmu ita ce, dubawar ba gwajin ilimin Baba ba ce. Mai rubutu ba ya ganin kuskurensa, domin idonsa yana karanta abin da ya yi niyyar rubutawa. Bulus da kansa ya haura Urushalima ya shimfiɗa bisharar da yake wa'azi a gaban manyan ikkilisiya (Galatiyawa 2:1-2). Mu masu wannan rubutu ma sai da wani ya duba shi, ya kuma kama mu da ayar da muka sa wa lambar da ba tata ba. A ɗaya gefen, mai dubawa ya san iyakarsa. Harafi da lamba da ƙugiya ya gyara. In kuwa batun koyarwa ne, ko abin da zai iya ta da fitina tsakaninmu da maƙwabta, ko maganar siyasa, kada ya sauya a ɓoye, kada kuma ya danne rubutun ya yi shiru. Ya kira marubucin da ladabi su yi magana, in ta ƙi ci a kai wa shugabanni.

Kada kuma mutum biyu su yi tarayya da asusu ɗaya. Mun ga inda kalmar sirri ɗaya ke yawo a hannun mutum bakwai. Ran da wani abu mara kyau ya fita, ba wanda ya san wa ya sa, kowa yana rantsuwa.

Yayin rubutu, a riƙa danna "Save draft". Allon yana ajiya da kansa lokaci-lokaci, amma inda sabis ke yankewa kada a dogara da shi. Daftari ba wanda yake ganinsa a waje. Manhajar kuma tana riƙe tsofaffin ajiyoyin a ƙarƙashin "Revisions", inda za ka ga abin da aka cire da abin da aka ƙara da wanda ya yi, ka kuma komar da na jiya in na yau ya lalace. Kafin a miƙa, a danna wurin duba yadda zai fito, a zaɓi siffar waya, a karanta daga sama har ƙasa. Mun fi so a karanta da murya. Jimlar da ta sarƙe harshenka za ta sarƙe wa mai karantawa a taron addu'ar asuba.

Ranar wallafawa da bayanta

Mai dubawa, kafin ya danna, ya leƙa gefen dama ya zaɓi rukunin da rubutun ya dace da shi, ko Makarantar Lahadi, ko Zumuntar Mata, ko nazarin Littafi Mai Tsarki. In ba haka ba zai faɗa rukunin da ba shi da suna ya ɓace. Ya cike gurbin taƙaitawa da jimla biyu. Idan ya danna "Publish", allon ba ya wallafawa nan take: yakan buɗe wani gefe ya sake tambaya. Akwai wurin kashe wannan tambayar, muna roƙo kada a kashe ta.

Ana iya sa wa rubutu rana da sa'a ya fita da kansa, abin da ke da amfani ga darasin Lahadi ko karatun Makon Shan Wahala da aka shirya tun da wuri. Sai dai mai makulli ya tabbata an saita agogon dandalin a kan Legas. In an bar shi yadda ya zo, yana bayanmu da awa ɗaya, abin da aka sa wa ƙarfe 6 na safe sai ƙarfe 7 zai fito.

In an ga kuskure bayan an wallafa, a gyara, a ajiye, gyaran zai hau nan da nan. Kuskuren harafi ba ya bukatar sanarwa. Amma in an sauya aya, ko adadi, ko wata magana ta koyarwa, a ƙara layi a ƙasa mai cewa an gyara abu kaza a rana kaza, domin akwai waɗanda suka riga suka kwafi na farkon suka koyar da shi. In kuwa abin da ya fita zai iya cutar da wani, a mai da shi daftari nan take ba tare da jiran taron kwamiti ba, a shiga ma'ajiyar hotuna a goge hoton daga can ma, domin sauke rubutu ba ya goge hotonsa. Sa'an nan a kira mutumin da abin ya shafa a gaya masa gaskiya tun kafin ya ji daga waje.

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ko ya sauka daga muƙaminsa, sakataren gundumarsa ya sanar da masu makulli a cikin makon. Lokacin rufe asusunsa manhajar za ta tambaya ko a goge rubuce-rubucensa ko a mayar da su ƙarƙashin wani suna. A kula sosai a wannan wurin, a zaɓi mayarwa. In ana so sunansa ya ci gaba da zama a kan aikinsa, a bar asusun, a sauke matsayinsa zuwa "Subscriber", wanda ba ya iya rubuta kome.